Harshen Damo Ba Kuskure Ba Ne: Kira Ga Masu Ƙera Manhajar Li'irabin Hausa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin Ginin Jimla ya san wahalar li'irabi. Za a ba ka jimla, ka raba yankin suna da yankin aiki, ka yi ta feɗewa har ka kai ga ɗaiɗaikun kalmomi, sannan ka zana bishiya. Wannan aiki da muke yi da alli a kan allo, yau kwamfuta tana yin sa kafin ƙiftawar ido, ta hanyar abin da za mu kira manhajar li'irabi. Da irinta ake duba nahawun rubutu, kuma matsalar da take fuskanta ita ce ke gaban kowace manhajar fassara.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga tambaya guda: idan manhajar ta ci karo da jimlar da ta ƙi feɗuwa, ko wadda ta feɗu ta hanya fiye da ɗaya, me ya kamata ta faɗa wa mai rubutu? Ra'ayina shi ne, wajibi ne ta bambance kuskure da harshen damo da karin harshe, ta kuma kira kowanne da sunansa. Manhajar da ta haɗa ukun nan a kwando ɗaya, ɓarnarta ta fi gyaranta yawa.

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 1957 Noam Chomsky ya fitar da littafinsa Syntactic Structures, inda ya nuna yadda 'yan ƙa'idoji ƙididdigaggu ke iya haifar da jimloli marasa iyaka. Masu ƙirƙiro harsunan ba kwamfuta umarni sun bi tafarki mai kama da wannan, kamar yadda aka yi wajen bayyana nahawun ALGOL 60. A wurinsu harshen damo cuta ce. Ɗauki lissafin 2 + 3 × 4. In aka fara da tarawa za a sami 20, in aka fara da ninkawa za a sami 14. Ba a iya barin kwamfuta cikin wannan waswasi, don haka aka kafa doka cewa ninkawa ce gaba. Manhajar Yacc, wadda Stephen Johnson ya ƙera a ɗakunan bincike na Bell a Amurka cikin shekarun 1970, takan sanar da mai tsara nahawu yawan wuraren da ƙa'idojinsa suka yi karo da juna, sannan ta zaɓi hanya ɗaya ta bi. In kuwa rubutun da aka kawo ne ya saɓa wa nahawun, sai a ga saƙo na kalmomi biyu na Ingilishi, ma'anarsu kuskuren ginin jimla, shi ke nan.

Wannan hali ya dace da harshen da wani ya zauna ya ƙirƙira, domin mai abu yana da ikon kafa masa doka. Amma Hausa ba wanda ya ƙirƙire ta a ofis, ba kuwa wanda zai wayi gari ya haramta wa jimla ma'anarta ta biyu. Ga misali:

(1) Alƙali ya ce ya biya kuɗin.

A baki ba wata rikitarwa. In aka ja wasalin "ya" na biyu da karin sama, an riga an biya. In aka gajarta shi da karin ƙasa, umarni ne aka bayar a biya. Amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka jimlolin nan biyu suka shiga riga ɗaya. A ma'ana ta farko an wanke mutum, a ta biyu an ɗora masa bashi. Haka abin yake a nan:

(2) Likita ya ce ya sha maganin.

Manhajar da ta zaɓi ɗaya ta yi shiru, ta yi wa mai karatu ƙarya ko da ta dace, domin ta nuna masa tabbacin da babu shi a takardar. Wadda kuwa ta ja wa jimlar jan layi ta ce kuskure ce, ta yi wa marubuci ƙazafi, tun da bai karya wata ƙa'ida ba. Abin da ya kamata shi ne ta ce: wannan "ya" yana iya zama na shuɗaɗɗen lokaci, yana kuma iya zama na umarni, wanne kake nufi?

Kada mai karatu ya zaci cewa da an sa wa rubutu alamun kari da tsawo an huta. Akwai harshen damon da ke cikin ginin jimlar kansa, wanda ko a baki ana jin sa:

(3) Na ga ɗan sarkin da ya rasu.
(4) An raba wa tsofaffin maza da mata hatsi.
(5) Motar malama sabuwa ta iso.

A (3), wa ya rasu, sarkin ko ɗansa? A (4), tsufan ya haɗa da matan, ko kuwa kowace mace tana da rabo? A (5), motar ce sabuwa ko malamar? Kowace daga cikinsu tana da bishiyar li'irabi biyu, kuma duka biyun halattattu ne. A lura cewa da an ce "motar malam sabuwa", jinsi ya raba gardama, domin "sabuwa" ba ta sifanta namiji. Ke nan manhajar da ba ta san jinsin Hausa ba za ta riƙa ganin damo inda babu shi.

To, ina kuskure na haƙiƙa? Ga shi:

(6) Yaran da sun zo jiya sun koma.

A daidaitacciyar Hausa, bayan "da" mai dangantawa "suka" ake bukata, wato "yaran da suka zo". A irin wannan wuri ne manhaja ke da ikon cewa an saɓa. Amma ko a nan, cewa "kuskure" kawai rowa ce. Rahoto mai amfani sai ya cika sharuɗɗa uku: ya nuna kalmar da aka yi tuntuɓe a kanta, ya faɗi ƙa'idar da aka karya, ya kawo abin da aka sa ran gani. Ya kamata kuma ta san cewa yawancin abin da ke hana jimlar Hausa feɗuwa a rubuce ba daga nahawu yake ba, daga raba kalma da haɗe ta ne, ko zubar da lanƙwasa. Wanda ya rubuta "yayi" yana nufin "ya yi", ko "akan" yana nufin "a kan", ko "baki" yana nufin "baƙi", ya rubuta kalmar da ke cikin ƙamus, sai dai ba ita yake nufi ba. Malamin kirki yakan gane haka nan take. Manhajar ma a koya mata.

Abu na uku shi ne karin harshe, kuma nan ne na fi jin tsoro. Basakkwace zai ce "shina zuwa" inda Bakano zai ce "yana zuwa". A Zazzaganci da Bausanci da Hausar zangunan Gana, bambancin jinsi ya yi rauni, har a ji ɗafin "-n" a inda daidaitacciya ke sa "-r". In manhaja ta kira wannan kuskure, ta gaya wa miliyoyin mutane cewa ba su iya harshen iyayensu ba. Abin ban sha'awa ma, Basakkwace in umarni yake nufi a jimla ta (1), cewa zai yi "shi biya", wato karinsa ya warware abin da ya cije wa daidaitacciya. Abin da ya dace manhaja ta ce shi ne: wannan siga ta karin yamma ce, in daidaitacciya ake bukata, ga yadda take.

Na san za a ce wannan buri ya yi yawa. Wani zai ce kwamfuta ba ta iya fitar da ma'ana fiye da ɗaya. Wannan uzuri ya daɗe da faɗuwa. Tun 1970 Jay Earley ya wallafa hanyar li'irabin da ke aiki da nahawu mai harshen damo, kuma a tsakiyar shekarun 1980 Masaru Tomita ya kawo wata da ke bin dukkan rassa a lokaci guda. Wani kuma zai ce in aka lissafa kowace bishiya, mai rubutu zai nutse. Wannan hujja tana da nauyi. An san cewa in ana ƙara yankunan bayanau a bayan karɓau, yawan bishiyoyin da za su yiwu yakan tashi daga 2 zuwa 5, zuwa 14, zuwa 42. Amma maganin wannan shi ne tsari: a jera ma'anoni gwargwadon rinjayensu, a yi shiru a kan waɗanda muhallin magana ya riga ya kashe, a ɗaga murya a kan waɗanda ke sauya wanda ya aikata, ko wanda aka aikata wa, ko lokacin aikin. Ba wanda zai karanta "ta tankaɗe gari" ya zaci birni aka zuba a rariya. Amma "ya biya" a takardar shari'a, dole a tambaya.

Wa zai ware wannan daga wancan? Injiniya ya iya ƙira, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da ƙamusun Bargery na 1934 wanda ya nuna kari, da nahawun Galadanci na 1976, da na Newman na 2000, da na Jaggar na 2001. Abin da ya kamata mu ƙara a kai shi ne taskar jimloli masu harshen damo, kowace da bishiyoyinta, da ta kurakuran da ake yi da gaske, da ta sigogin kare-karen harshe, kowace da sunan yankinta. Takardun jarrabawa da kundayen digiri da ke jibge a sassanmu cike suke da irin waɗannan misalai.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su karɓi irin wannan tattarawa a matsayin aikin kundi, ina kuma roƙon 'yan'uwana ɗalibai mu daina ganin li'irabi a matsayin azabar jarrabawa kurum. Manhajar za a ƙera ta, da mu ko ba mu. In ba mu koya mata tambayar "wanne kake nufi?" ba, za ta riƙa amsawa a madadinmu, a kotu da asibiti da aji, ba tare da kowa ya san an yi zaɓi ba.