Sai Bango Ya Tsage Annoba Ke Samun Wurin Shiga

Har yau nakan ji ana cewa wai cutar korona ba ta zaɓe, duk wanda ta tarar sai ta kayar da shi. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma abin da ya faru a Amurka shi ne hujjata.

A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da wani maganin kashe zafin ciwo mai suna OxyContin, likitoci suka riƙa rubuta shi ba ƙaƙƙautawa har mutane da yawa suka kamu da jarabarsa, daga nan wasu suka zarce zuwa hiroyin da fentanil. A 2019 sama da mutum 70,000 suka mutu a ƙasar sanadiyyar shan ƙwaya fiye da ƙima. Da korona ta shigo a 2020 adadin ya haura 90,000, a 2021 kuwa ya wuce 100,000, akasarinsu ta dalilin irin waɗannan ƙwayoyi.

To me ya haɗa ƙwaya da annoba? Waɗannan ƙwayoyi numfashi suke ragewa, ita kuma korona huhu take kamawa, kun ga an yi gamon da bai da kyau. Sannan ga kulle. Aiki ya tsaya, tarukan masu ƙoƙarin daina shaye-shaye suka tsaya, mutum ya koma sha shi kaɗai a ɗaki. Akwai maganin naloxone da ke farfaɗo da wanda ya sha ya zarce, amma wanda ya suma ai ba zai ba kansa magani ba, sai da wani a kusa. Jihar West Virginia, inda aikin haƙar kwal ya ja baya talauci ya yi katutu, ita ce a wancan lokaci ta kasance kan gaba a yawan irin wannan mutuwa idan aka auna da yawan jama'arta.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Tramadol da kodin da yaranmu ke sha dangi ɗaya suke da waɗancan. A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin bayan BBC ta bankaɗo cinikinsa, kuma binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba.

Shi ya sa nake roƙon iyaye. Uban da ya kori ɗansa daga gida don yana shan ƙwaya, da uwar da ta ɓoye halin 'yarta don gudun surutun dangi, duk sun yi musu abin da kulle ya yi wa mutanen Amurka, wato sun bar su su kaɗai. A kai su asibiti, a zauna da su, a sa musu ido tun wata annobar ba ta zo ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.