Hunturu Ya Kama, Ina Namu Bikin?



Hunturu ya kankama. Duk mai bin titin Sharada, ko hanyar Panshekara zuwa Challawa, ko titin Haɗeja ta gefen Bompai da sassafe ya san abin da muke faɗa. Hazo ya lulluɓe kamfanoni har ba a hango bututun hayaƙinsu, ma'aikata sun kewaye mai shayi, 'yan makaranta kuma kowa ya dunƙule a cikin rigar sanyi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi furu-furu. A irin wannan lokaci ma'aunin zafi a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. Ita kuwa ƙurar da muke shaƙa, da yawa daga cikinta baƙuwa ce: iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga wani kwari mai suna Bodele a ƙasar Chadi, wurin da a zamanin da can ƙasan wani babban tafki ne. Ƙurar wannan kwari tana tsallake teku har dajin Amazon a Kudancin Amurka. Mu a kan hanya kawai muke.

To, tambayarmu ta yau ita ce: ban da ƙorafi da shafa basilin, me muke yi da wannan lokaci?

Bari mu leƙa wani gari da sanyinsa ya fi namu nesa ba kusa ba. Sapporo birni ne a tsibirin Hokkaido, can arewacin Japan, duwatsu sun tokare shi ta yamma da kudu. Dusar ƙanƙarar da ke zuba musu a shekara takan kai kusan mita biyar idan aka haɗa. A wurinsu dusar nan wahala ce, sai an kwashe ta daga tituna kafin mota ta wuce, kuma wani fili da ke tsakiyar gari mai suna Odori yana cikin wuraren da ake jibge ta. A shekarar 1950 sai wasu 'yan makarantun sakandare, sa'o'inku, suka shiga filin nan suka gina siffofi guda shida da wannan dusar da aka zubar. Shida kacal. Jama'a suka yi tururuwa zuwa kallo, har aka ƙiyasta mutum dubu hamsin.

Daga nan abin ya zama na kowace shekara. A 1955 sojojin ƙasar suka shigo da motocinsu da ƙarfinsu, aka fara gina manya-manya. A 1972 Sapporo ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi, sai duniya ta san da bikin. A 1974 da aka yi tsadar man fetur a duniya, motocin ɗauko dusa suka yi ƙaranci, amma ba su fasa ba, sai suka jera ganguna a ciki suka yaɓe su da dusa a waje. Yau bikin yana ɗaukar kamar mako guda a farkon watan Fabrairu, kuma masu zuwa kallo sukan kai miliyan biyu. Ana gina kwaikwayon fadoji da shahararrun gine-ginen duniya, wasu tsayinsu ya kai na bene. Masu otal da masu abinci da direbobi duk suna cin albarkacin abin da yara suka fara da wasa.

Wani zai ce ai mu ba mu da ƙanƙara. Gaskiya ne. A nahiyarmu galibi sai an hau manyan duwatsu irin na Atlas a Maroko, ko na Lesotho, waɗanda su sanyinsu ma a tsakiyar daminarmu yake faɗowa. Amma mu lura, yaran Sapporo ba su je neman abin da babu ba. Abin da ya ishi garinsu, wanda kowa ke neman kai da shi, shi suka ɗauka.

Kuma kada mu raina kakanninmu, su ma sun san darajar wannan lokaci. Da an kammala girbi, rumbu ya cika, sai samari da 'yan mata su shirya kalankuwa. Lokacin ne 'yan dambe da 'yan kokawa ke bin garuruwa, lokacin ne ake yawan bukukuwan aure, lokacin ne ake buga tubali a yi gini tunda babu ruwan sama. Sai dai yawancin wannan a karkara yake. Yaron da ya tashi a Sharada ko Ja'en ko Dakata, tsakanin katangun kamfanoni, wataƙila kalankuwar da ya sani ita ce ta ranar al'adu a makaranta, a sa babbar riga a ci dambu a watse.

Babban taron da birnin Kano ke yi a bakin hunturu shi ne baje kolin duniya da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta KACCIMA ke shiryawa a filinta na titin Gidan Zoo, yawanci daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. An yi shi fiye da sau arba'in. A nan ne mutum zai ga abin da ake ƙerawa a bayan waɗancan katangu: bokiti da kujerun roba, tabarmi, takalma, sabulu, alewa, man girki. Matsalar ita ce lokacinsa yakan zo daf da jarrabawar zangon farko, ga kuɗin mota. Ɗalibin da ya samu zuwa ma ɗan kallo ne, ba mai baje nasa ba.

Akwai kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Ku duba rigar sanyin da ke jikinku. Da wuya a ce a Kano aka saƙa ta. Ko dai gwanjo ce daga Ƙofar Wambai, wadda wani yaro a ƙasar ƙanƙara ya gama yayinta, ko sabuwa ce da aka shigo da ita daga Sin. Alhali garin nan da saƙa da rini da jima aka san shi tun ɗaruruwan shekaru, kuma Bompai da Sharada da Challawa sun taɓa cika da masaƙu. Rashin wutar lantarki da kwararowar kaya masu araha daga waje suka rufe da yawa daga cikinsu. Iyayen wasunmu a can suka yi aiki. Idan ɗalibi ya shekara shida yana wuce ƙofar kamfani bai taɓa sanin me ake yi a ciki ba, da wuya ya yi mafarkin buɗe nasa.

Saboda haka ga shawararmu. Mene ne ya yi mana yawa a hunturu? Karan dawa da na gero. Wa bai taɓa yin motar kara ba yana ƙarami? Ga laka, ga rana da iska masu busar da ita cikin kwana biyu. Ga kuma rarar kayan kamfanonin da ke maƙwabtaka da mu: guntayen fata, kwalaye, robobin da suka fito da naƙasa, ƙyallaye. Idan aka koma zango na biyu a Janairu, me zai hana kowace makaranta ta ware Asabar ɗaya, kowane aji ya gina abu guda a filin ƙwallo? Ba sai mun yi siffar mutum ko dabba ba. Aji ɗaya ya tayar da Ƙofar Na'isa da laka, wani ya yi dalar gyaɗa, wani ya kwaikwayi Gidan Makama, 'yan kulob ɗin kimiyya su yi injin niƙa na kara mai juyawa da gaske. A gayyaci iyaye, a gayyaci manajan kamfanin da ke kusa ya zo ya yi alƙalanci. Wanda ya zo alƙalanci bana, ba zai yi wuya ya buɗe muku ƙofa ku zagaya masana'antarsa baɗi ba.

Amma a bi ta hanyar da ta dace. Kada wanda ya je tonon juji a bayan kamfani, musamman a Challawa. Majemun zamani suna aiki da sinadarai masu ƙarfi, ciki har da kuromiyam, kuma ɗanyar fatar nan mai launin shuɗi-shuɗi da ruwan da ke fita ta magudanansu ba abin taɓawa da hannu ba ne. Malami ne zai rubuta takarda da sa hannun shugaban makaranta, a roƙi guntayen fatar da aka gama sarrafawa. Shi kuma kara ɗan uwan wuta ne a wannan iska, don haka a tara shi nesa da ajujuwa, kada a hura wutar jin ɗumi kusa da shi, kuma a kwashe shi da an tashi.

Tunda mun ambaci wuta, 'yan makarantun kwana su ji da kyau: kada a shigar da kaskon garwashi ɗakin kwana a rufe taga. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. A ninka bargo ya fi.

Duk makarantar da ta gwada wannan biki, ko da abu shida kawai aka gina, a aiko mana da hoto da sunan ajin, za mu buga a wannan shafi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.