Ƙasar Da Za Ka Taka Ita Ke Zaɓa Maka Taya

A daminar bara na faɗi da kekena a gindin dutsen Kufena da ke Zariya, na yi mako uku ina rubutu a allo da hannun hagu. Birkina lafiya lau yake. Tayar gaba ce ta zame, mai sulɓi irin ta kwalta, wadda na saya don araha. Araha kuwa ba ta ado.

Ɗalibaina masu sha'awar hawan keke a daji sukan tambaye ni wace taya ce ta fi. Nakan ce su fara duba ƙasar da za su taka. Laka tana son taya mai dogayen haƙora masu tazara, don taɓo ya riƙa zubewa. Busasshiyar marmara ta fi dacewa da gajerun haƙora matsattsu. Yashi kuma yana son faɗi, kamar inci 2.4, da iska kaɗan, domin tayar da aka cika tam nutsewa take yi.

Idan kuɗinka na taya ɗaya ne mai kyau, sa ta a gaba. Ta baya in ta zame, sau da yawa kana iya gyara zama. Ta gaba in ta zame, sai ƙasa.

Sannan ka tuna da tsidau. Ka nemi taya mai kaurin jiki, ka riƙe famfo da kayan faci, domin a bayan dutse babu mai faci.