Mu Koyi Sifaniyanci Ta Ƙofar Hausa

'Yan'uwa ɗalibai, a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu Gabukka na fara sha'awar Sifaniyanci, don in ji abin da 'yan wasan Barcelona da Real Madrid ke faɗa in an yi hira da su. Na sami littafi da aka rubuta wa Turawan Ingila, na yi wata uku ina haddar aikatau, har na kusa haƙura. Daga baya na gane ba harshen ne mai wuya ba, hanyar da na biyo ce ta zagaye.

Littafin ya ɓata shafuka yana bayanin dalilin da ya sa ake cewa "hablo" ba tare da "yo" ba. To, ina abin mamaki ga Bahaushe? Mu ma "ina magana" muke cewa. Sai in ana jaddadawa a ce "ni ina magana". Bambancin kawai, mu lamirinmu gaban aikatau yake zuwa, nasu kuwa a wutsiya: hablo, hablas, habla. Haka "tú" da "usted", da Bature ke ta ruɗewa a kansu saboda kalma ɗaya gare shi. Wane ɗa mai tarbiyya ne a Gombe bai san inda ake cewa "kai" da inda ake cewa "ku" ba?

Inda na fi jin haushin wata ukun nan shi ne "ser" da "estar". An cika ni da ƙa'idoji, alhali "Musa es maestro" Musa malami ne, "Musa está en casa" kuwa Musa yana gida. Ba ko'ina suke dacewa ba, amma rabin aikin ya ƙare. "Llevar" da "traer" ma kai da kawo ne.

Wani zai ce ai babu littafin da za mu dogara da shi. To wa zai rubuta, in ba mu da ke karanta nahawun Hausa ba? Ga Ikwatoriyal Gini nan kusa da mu, Sifaniyanci ne harshen hukumarta. Ina roƙon masu neman batun kundin digiri su duba wannan kwatanci. Akwai ma wuraren saɓani da za a tono: "tú" ba ya raba kai da ke, amma suna da "nosotras", wato "mu" na mata zalla, wanda Hausa ba ta da shi.