Suna Ya Tsaya, Yanayi Ya Wuce: Watannin Japan na Gargajiya

A yau Bajapane da lamba yake kiran wata: na ɗaya, na biyu, har zuwa na goma sha biyu. Amma tsofaffin sunayen ba su mutu ba, suna nan a jikin kalanda da cikin wasiƙu. Yayoi shi ne watan da tsirrai ke tofowa, Satsuki na dashen shinkafa, Nagatsuki na dogayen darare, Shimotsuki kuwa na jaura. Kowane suna bayani ne a kan abin da ƙasa take ciki.

Matsalar ta faro ne a 1873, lokacin da gwamnatin Meiji ta yi watsi da tsohuwar kalanda mai bin wata da rana, ta rungumi ta Miladiyya. Aka kwashi sunayen aka liƙa wa sababbin watanni, alhali kowane tsohon wata yana zuwa ne kimanin wata guda bayan takwaransa na yanzu. Sakamakon haka, Minazuki, wanda ake rubutawa da haruffa masu nufin "watan da babu ruwa", ya faɗo a kan Yuni, tsakiyar daminar Japan.

Bikin Tanabata ya fi fito da asarar fili. A ranar bakwai ga wata na bakwai mutane kan rubuta burinsu a kan takardu su rataya a reshen gora, domin tunawa da taurari biyu da almara ta ce sau ɗaya suke haɗuwa a shekara. A sabuwar kalanda ranar ta koma 7 ga Yuli, sa'ad da gajimare kan rufe sararin sama. Ana bikin taurari, ba a ganin taurari.

Birnin Sendai ya zaɓi wata hanya: yana gudanar da nasa bikin daga 6 zuwa 8 ga Agusta. Haka ma Obon, bikin tunawa da magabata, yawancin ƙasar a tsakiyar Agusta take yin sa, ko da yake Tokyo ta riƙe Yuli.

Mutanen Sendai su suka yi daidai. Waɗannan al'adu daga lura da ruwa, sanyi da gona aka haife su, lamba daga baya ta zo. Wanda ya riƙe kwanan wata ya saki yanayi, kube ya adana, takobin kuwa ya salwanta.