Wa ya gaya muku man giya ba ya tsufa?

Shiga kowane gareji a Kano ko Kaduna ko Damagaram, ka ce kana so a canza maka man giyar motarka mai otomatik. Da wuya ka fito ba ka ji wannan fatawar ba: "Alhaji, rufa wa kanka asiri. Man giya ba a taɓa shi. Ranar da ka juye shi, ranar giyar za ta kwanta." Zai faɗa maka haka yana dafe da ƙirji, sai ka rantse a littafin kamfani ya gani, alhali daga bakin ogansa ya ji, shi ma ogan daga nasa ogan, tun zamanin da Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ta cika tituna. Waccan giyar hannu ce, manta yana daɗewa ba a waiwaye shi ba. An ɗauko hukuncin wata mota an ɗora wa wata, ga shi muna biya da aljihunmu.

A giyar otomatik, man shi ne ma'aikacin. Shi yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi yake matse faifan kulocin da ke ciki su kama lokacin da mota za ta tashi daga lamba ɗaya zuwa biyu, shi yake bi ta ƙananan hanyoyi masu siririn baki yana buɗe wannan yana rufe wancan, kuma shi yake kwashe zafi ya kai lagireto. Abin da ke wannan wahala a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, mota maƙare da kaya, ana tsaye cikin cunkoso, shi ne wani zai dube ni ya ce ba ya gajiya? Sabon mai galibi ja ne garau. Da tafiya ta yi tafiya sai ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi baƙi yana warin ƙuna, garin kulocin da ya cinye yana yawo a cikinsa yana toshe hanyoyi.

Na san daga inda tsoron ya samo asali, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Mutum zai sayi 'yar Kwatano da ta riga ta ci kilomita 200,000 a Amurka, ya ƙara mata shekara biyar bai taɓa zaro sandar awon man giya ba. Sai ranar da ta fara fizga, ko ya sa ribas ta tsaya tana tunani, sannan ya garzaya gareji. A lokacin faifan kulocin sun riga sun cinye, dattin da ke cikin tsohon man ne kaɗai ke sa su ɗan kama. Ana zuba sabo, sai giya ta fara sulɓewa. Shi ke nan, labari ya bazu: canjin mai ya kashe giyar Alhaji. Daidai yake da maras lafiyan da aka ajiye a ɗaki wata da watanni, sai da ya kusa cikawa aka kai shi asibiti, da ya rasu aka ce allurar likita ce.

Masu ƙera motocin ma ba su fita ba. Su suka ƙirƙiro zancen wai an zuba mai na har abada, suka cire sandar awo daga motoci da yawa. Mercedes ta faɗi haka a kan giyarta mai lamba 722.6 da ta fito tsakiyar shekarun 1990, daga baya ta lashe amanta ta ce a canza a kilomita 60,000. BMW na cewa manta na tsawon rai ne, amma ZF, kamfanin Jamus da ke ƙera mata giyar, shi da kansa yana cewa a canza. Tsawon ran da suke magana a kai na mai saye na farko ne, wanda zai rabu da motar kafin ta tsufa. Mu da muke karɓarta a hannu na uku, wa ya sa mu a lissafi?

In ka samu bakaniken da ya yarda ya canza, sai ka faɗa rami na biyu. A wurinsa duk jan mai man giya ne. Ya aiki yaro ya sayo galan mafi araha, ya ɗura. To Camry ta 1998 Dexron III take sha, Camry Big Daddy da Corolla ta 2005 T-IV suke so, Camry Muscle kuwa WS. Honda Accord da muke kira EOD an yi ta da Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Nissan masu giyar CVT, wadda bel ɗin ƙarfe ke ja, NS-2 ko NS-3 ne nasu, kuma in ka zuba musu na gama-gari ka fara tanadin kuɗin wata giyar a kasuwar Ƙofar Ruwa. Sau da yawa sunan man yana rubuce a jikin sandar awo ko cikin littafin motar. Karantawa ce kawai ta gagara.

Sai 'yan zamani masu injin wanke giya, da ke tallarsa kamar maganin kowace cuta. Injin da ke musanya tsohon mai da sabo a hankali ba laifi ba ne ga giya mai lafiya. Amma a zuba sinadarin wanki a tsohuwar giya, a tayar da dattin shekara goma ya je ya maƙale a ƙananan hanyoyi? Honda ta daɗe da gargaɗin kada a yi wa motocinta haka. Hanyar da ta fi aminci tana da sauƙi, haƙuri kawai take so. A kwance noti a tsiyaye, abin da zai fito bai wuce lita uku zuwa huɗu ba, don sauran yana maƙale a ciki. A auna abin da ya fita, a mayar da daidai shi. A yi tafiya, a sake, a kuma sakewa. A motar da ke da kasko a ƙarƙashin giya, a sauke shi, a goge garin ƙarfen da ya taru a jikin maganaɗisu, a sa sabuwar filta da sabon gasket. Na ce sabuwa. Wanke tsohuwa da fetur a mayar, a kuma rubuta wa mai mota kuɗin sabuwa, sata ce, ko da an yi ta da murmushi da "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji." Motar da ba ta da sandar awo kuwa, irin wasu Toyota masu WS, ana daidaita manta ne yana da ɗumin digiri 40 ko kusa da haka, da na'urar kwamfuta a jone. Wanda ba shi da ita ya ce ba shi da ita.

Mu masu mota kuma, muna da kuɗin baƙin gilashi da sababbin fitilu da lasifika mai girgiza unguwa, amma a ce mu sayi lita huɗu na man kirki duk kilomita 50,000 zuwa 60,000 sai mu fara cinikin ragi. Gobe da safe ka ɗumama motarka, ka zaro sandar nan, ka ɗiga a farar takarda ka sansana. In ya koma ruwan ƙasa, canza shi a wannan makon. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kada ka ƙara tuƙa ta ko zuwa bakin titi.