Ƴaƴan zogala da ruwan rini

Duk wanda ya ratsa wajen masu rinin shadda a Yamai ko Maraɗi ya san ruwan nan, shuɗi ko ja, da ke malala cikin kwata. Ba irin na karofin kakanni ba ne, mai baba da toka. Rinin kanti ne da ake haɗawa da soda mai cin hannu, kuma ƙarshensa rami, gulbi ko kusa da rijiyar jama'a.

Wani ɓangare na maganin yana tsaye cikin garake. A shekara ta 1981 wata masaniya, Samia Jahn, ta wallafa bincike kan hanyoyin gargajiya na tace ruwa, har da yadda matan Sudan ke kwantar da dauɗar ruwan Nilu da ƴaƴan zogala. Ƙwayar tana ɗauke da wani furotin mai janyo ƙananan ɓarɓashi, ya dunƙule su har su yi nauyi su kwanta, kamar yadda alif ke yi. Daga baya gwaje-gwaje sun nuna yana kama rini iri-iri, ko da yake ba kowane launi ke saki ba. Ana ɓare ƙwayar, a daka ta lilis, a dama da ruwa kaɗan, a zuba cikin tano, a motsa da ƙarfi sannan a hankali, a bar shi awa 1 ko 2. Ko tunkuzar da ta rage bayan an matse mai tana wannan aiki.

Amma hattara! Gushewar launi ba tsabta ba ce. Zogala ba ta kashe kaifin soda, saboda haka wannan ruwa ba na sha ba ne, ba na dabbobi ba. Laka mai launi da ta kwanta kuwa, in an watsar da ita cikin kwata, an yi aikin banza; sai a busar da ita, a killace nesa da rijiya.

Babban cikas yana gona. Manoman Jiratawa da na bakin kogi ganye suke sayarwa, suna yankan itacen tun bai yi ƴaƴa ba. Ba za su bar shi ya ƙosa ba sai ɗan kasuwa ya sa wa tiyar ƙwaya farashi, ma'aikatan tsabta na gari kuma sun tilasta wa masu rini gina wurin tara ruwansu.